Na Je Ikko Kallon Wasan Daɓe

A Legas har yau mutum yana iya yankar tikiti ranar Juma'a ko Asabar ko Lahadi, ya shiga zaure ya zauna, a rage fitilu, 'yan wasa su fito gabansa ido da ido su yi masa wasan kwaikwayo daga farko har ƙarshe. A garuruwanmu na Arewa wannan ya koma sai an yi dace: ko ɗaliban jami'a suna jarrabawar aikin daɓe, ko wata ƙungiya ta samu kuɗin wayar da kai a kan rigakafi. Ni kuwa tun ina sakandare wasan daɓe ya shiga raina, kuma shekarun da na yi a Samaru ina zama a dandalin wasa na ginin ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello suka ƙara dasa mini shi. Shi ya sa da hutu ya samu na shirya takanas na tafi, ba fatauci ba, ba neman biza ba, kallo kawai.

A Agege na sauka, gidan Kawu, yayan mahaifiyata. Shi tun yana saurayi ya bi fataken goro ya zo Kurmi, ya yi aure a nan, ya hayayyafa a nan. Wanda bai taɓa zuwa Zangon Agege ba zai yi mamaki: Hausa ce ke tashi ta ko'ina, ga masu shayi, ga masu tsire, ga makarantun allo, ga fadar Sarkin Hausawa. Da na gaya wa Kawu abin da ya kawo ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To Malam, ai sai ka tafi da ƙaninka. Kai ba ka jin Yarabanci, kuma rabin abin da za a faɗa a can da shi za a faɗa." Ƙanin nawa ɗan autansa ne, haifaffen Agege, yana gyaran waya a Ikeja, Yarabanci a bakinsa kamar Hausa. Bai taɓa shiga gidan wasa ba duk zamansa a garin. Kawu ya kuma yi mana hanyar kwana a wajen wani amininsa a Obalende, saboda komawa Agege daga tsibirin Legas bayan ƙarfe goma na dare ba ƙaramin aiki ba ne.

Muna idar da sallar Juma'a muka kama hanya. Danfo zuwa Oshodi, daga nan wata motar ta hau da mu gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990. Ta taga ana hango Makoko, gidajen katako a kan ruwa da kwale-kwale suna ratsa tsakaninsu. Gosulo ya riƙe mu, amma mun isa Broad Street da sauran rana.

Freedom Park muka fara zuwa. Tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka ne, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo da jagoran ƙwadago Michael Imoudu. Mai zanen gine-gine Theo Lawson ne ya tsara yadda aka mayar da shi wurin shaƙatawa, aka buɗe a 2010, lokacin cikar Najeriya shekara 50 da samun 'yanci. Tsohuwar katangar tana nan, kuma an bar siffar ɗakunan fursunoni don mutum ya shiga ya ga ƙuncinsu da idonsa. Na shiga ɗaya na miƙa hannuwana, suka taɓa bango da bango. Bayan magariba kuma, a cikin wannan harabar, aka jera kujeru a fili aka fara wasa.

Wasan da Turancin buroka aka yi shi, ana surkawa da Yarabanci. Labarin gidan haya ne irin na Legas, mai ɗakuna suna kallon juna, bayi ɗaya, famfo ɗaya, da maigida da ya ƙara kuɗin haya ana tsakiyar shekara. Kayan wasan duka ba su wuce benci ɗaya da bokitai da wani labule ba. Bencin nan shi ne gado a fitowa ta farko, shi ne danfo a ta biyu, 'yan wasa biyar suka matsu a kansa suna karkata tare duk sanda direba ya sha kwana, kwandasta yana rataye a gefe yana kiran "Oshodi! Oshodi!" da irin muryar da muka baro a tasha awa biyu da suka wuce. Daga baya bencin ya zama teburin alƙali. Babu wanda ya ruɗe, domin jikin 'yan wasan ne yake gaya maka inda ake.

Akwai wata fitowa da har yanzu nake juya ta a raina. Wata mata mai sayar da abinci, wadda tun farkon wasa ita ce mai baki, mai zagin kowa a layin wanka, ta dawo ta tarar an fito mata da kayanta waje. Jama'a suna jiran ta ɓarke da masifa, har wasu sun fara dariya tun kafin ta buɗe baki. Ba ta ce uffan ba. Ta durƙusa ta ɗauki murfin tukunya, ta goge shi da gefen zaninta, ta rufe tukunyar da babu komai a ciki, ta sake buɗewa ta leƙa. Dariyar ta mutu a hankali, layi bayan layi. Wata dattijuwa a bayana ta ce wani abu da ƙarfi, ƙanina ya raɗa mini cewa addu'a take yi mata, Allah ya saka mata. Wannan shi ne abin da fim ba zai taɓa ba ka ba. 'Yar wasan ta ji dariyar nan da kunnenta, ta san tsawon shirun da za ta ja kafin ta kashe ta, kuma gobe da wasu 'yan kallon sai ta sake auna shi daga farko.

'Yan kallon Legas ba sa zama shiru, kuma na ji daɗin hakan. Suna ba ɗan wasa amsa, suna yi wa mugu ihu, suna gargaɗin wanda za a cuta. Haka muke yi a gida lokacin tashe, in yara suka shigo tsakar gida da gemun auduga da tulun ciki na tsumma, mata suna tanka musu daga bakin murhu.

Da safiyar Asabar Kawu ya iso mu a Marina, yana da wata sabga a Idumota. Kafin ya zo mun taka zuwa Custom Street don in ga Glover Memorial Hall. Ginin da ke tsaye yanzu ba shi ne na asali ba, amma sunan yana nan tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a zauren Glover ne aka fara nuna majigi a ƙasar nan a 1903. Shi John Glover ɗin da aka sa wa zauren sunansa, gwamnan Turawa ne a Legas, kuma shi ne a 1863 ya kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makamai, wadda ake lissafa ta a matsayin tushen sojan Najeriya da 'yan sandanta. Wato zaman Bahaushe a wannan tsibiri ya girmi kowane gidan wasa da ke cikinsa.

A Glover ne kuma Hubert Ogunde ya fito da wasansa na farko a 1944, yana ɗan sanda a lokacin. Bai daɗe ba ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyar da ta mayar da wasa sana'ar ci da sha, suna loda kaya da ganguna a mota suna bin gari gari. Har Arewa suna zuwa. A farkon shekarun 1950 hukuma ta hana shi nuna wasansa a Kano, wanda ya yi a kan harbin ma'aikatan haƙar kwal na Inugu a 1949, kuma a 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyarsa wasa saboda wani wasa da ya taɓa 'yan siyasarta. Bayansa ga su Duro Ladipo da Kola Ogunmola da Baba Sala. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, al'adar biyan kuɗi a ƙofa don kallon wasa ta haura shekara 80 tana tafiya a wannan gari. Fim ya raunana ta a nan ma, sosai kuwa, amma bai kashe ta ba.

Daga Marina muka hau jirgin ƙasan Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023 tsakanin Marina da Mile 2. Da katin Cowry ake shiga. Jirgin yana tsallake ruwa a kan gada, kuma kafin ka gyara zama sai ga babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu ya bayyana, da tasharsa a gefensa. Siffarsa ta hular soja ce. An kammala shi a 1976, an kwaikwayo fasalinsa daga wani zaure da ke birnin Varna na Bulgeriya, kuma babban ɗakinsa an gina shi ne don mutum 5,000. Ya yi shekaru yana lalacewa kafin Babban Bankin Najeriya da gamayyar bankuna su ɗauki nauyin gyaransa, sannan a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986.

Ba mu tarar da wasa a ranar ba, amma zuwa da Kawu ya biya. Ya tsaya ya riƙe bayan rigarsa yana kallon ginin, ya ce shi yana nan aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairun 1977. "Malam, ba a taɓa tara baƙar fata irin na lokacin nan ba. Mu muna sayar da goro a bakin hanya, sai ka ga mutum baƙi wuluk kamar ɗan Gobir, ka yi masa Hausa, ashe daga Amurka yake ko Burazil." Ya ce hawan daba na bikin a Kaduna aka yi shi, su kuma na Legas suka ga nasu rabon a nan. Na tuna masa cewa a bikin an nuna fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma kafin fim ɗin sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da labarin wasan daɓe. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Da muna ciki ke nan." Daga nan ya yi mana sallama ya nufi sabgarsa.

Da yamma muka tafi Victoria Island, titin Tiamiyu Savage, inda Terra Kulture yake. Wata lauya, Bolanle Austen-Peters, ita ta kafa wurin a farkon shekarun 2000, da gidan abinci da kantin littattafai da ɗakin zane-zane, sannan a 2017 ta buɗe zauren wasa mai kujeru 400. Mun iso da wuri, magariba ta same mu a titin. Wasu masu gadin gidajen da ke layin sun shimfiɗa tabarma a gefen katanga, muka yi sallama, suka miƙo mana buta. Bayan an sallame muka gaisa. Ɗaya mutumin Tawa ne, ɗaya daga wajen Illela. Na tambayi babban cikinsu ko ya taɓa shiga kallo. Ya ce, "Wallahi Malam, shekara da shekaru muna ganin motoci suna cika layin nan, muna jin kiɗa, amma ban san me ake yi a ciki ba. Na ɗauka biki ne na masu kuɗi." Da na ce masa wasan kwaikwayo ne, irin na su Samanja da Ƙasimu Yero amma a gaban jama'a, sai fuskarsa ta washe, ya shiga ba ni labarin yadda suke taruwa a gaban talabijin ɗin mai unguwa suna yara.

Wasan na daren nan na kiɗa da rawa ne, labari yana tafiya waƙa tana ɗaukarsa. Makaɗa a zaune suke a gefe suna kiɗa kai tsaye, babu faifai. 'Yan wasa sun fi talatin, kuma sauyin kaya kaɗai abin kallo ne: mace ta fita ta hagu da kayan 'yar ƙauye, kafin a gama baiti ɗaya ta shigo ta dama da ashoke da gwaggwaro. Fitila tana bin mai magana, bango yana sauyawa daga kasuwa zuwa fada ba tare da an ja labule ba. Wanda ya taɓa shirya wasa ko na makaranta ne ya san abin da ke bayan wannan: makonni ana gwaji, da mutum ɗaya a ɓoye da na'ura a kunne yana ba mai fitila da mai sauti da masu tura kaya umarni daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Mai gangan, wato kalangun Yarabawa, shi ya fi tafiya da ni. Ana tsakiyar rikici tsakanin sarki da matarsa sai ya matse gangar a hammata ya buga wani gajeren zance, zauren ya ɗauka baki ɗaya, mutane suna ƙarasa maganar da bakinsu. Ƙanina ya ce karin magana ce a kan mai haƙuri, kuma kowane yaro a Agege ya san ta. Na kalle shi a cikin duhun nan, ya tattara hankalinsa gaba ɗaya a kan daɓen, bakinsa yana motsi tare da na sauran. Da aka tashi, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, shi ma ya miƙe.

Tikitin irin wannan wasa a tsibiri ba na kowa ba ne, kuma dalilin a fili yake. Albashin mutum talatin ko arba'in, ɗinkin kaya, man janareto na awa uku da na'urar sanyaya ɗaki, duk a kan kujeru 'yan ɗaruruwa. Shi ya sa za ka ga sunayen bankuna da kamfanonin waya a jikin takardar shiri, kuma shi ya sa manyan wasanni suka fi yawa a Disamba da lokacin Ista, sanda mutane ke da hutu kuma 'yan ƙasar waje suka dawo gida. Ga kuma MUSON a Onikan, cibiyar ƙungiyar makaɗa da aka kafa a 1983, ita ma ana kai manyan wasanni zaurukanta. Can Bariga kuwa, unguwar talakawa, akwai irin su Crown Troupe ta Segun Adefila, da suka ɗauki shekaru suna horar da yaran unguwa suna wasa a duk inda fili ya samu. Garin yana da na mai kuɗi, yana da na marar shi.

Ranar Lahadi bayan azahar muka tsallako, muka shiga wani ƙaramin zaure inda wasu matasa ke nuna wasan barkwanci. Suna da hazaƙa, ba zan rage musu ba. Amma ana cikin wasa sai ga maigadi ya fito: doguwar riga da ta sha jiki, hula a karkace, rediyo manne a kunne, buta a hannu. Sunansa a wasan "Aboki", ba shi da wani. Duk abin da aka ce masa sai ya juya shi, yana Turanci yana mayar da "p" ta zama "f", aka aike shi sayen magani ya dawo da goro. Zauren ya kece da dariya. Ƙanina bai yi ba, ni ma haka. A wasanni uku da muka gani, wannan ne kaɗai Bahaushen da ya hau daɓe, kuma ba shi da uwa, ba shi da gari, ba shi da dalilin da ya kawo shi Legas. Na tuna dattijon da ya miƙo mini buta daren jiya, wanda ya bar iyali a Tawa yana aika musu da abin da ya samu.

Da aka tashi na nemi mai shirya wasan, saurayi ne mai fara'a. Na yaba masa aikinsu tukuna, sannan na gaya masa abin da ya sosa mini rai. Ya saurare ni har na gama, bai yi musu ba. Ya ce shi a unguwarsu da Hausawa ya tashi, amma bai taɓa shiga gidan ɗaya daga cikinsu ba, kuma tun da ya fara harkar nan Bahaushe ko ɗaya bai taɓa zuwa gwajin ɗaukar 'yan wasa ba, balle ya kawo masa rubutu. Ya ce in akwai mai so, ƙofarsu a buɗe take, ya ba ƙanina lambarsa.

Maganarsa ba ta wanke wasan ba a wurina, domin marubuci yana iya tashi ya je ya tambaya. Amma gaskiya ce, kuma mu ma finafinanmu sun sha yi wa Bayarabe da Ibo da Bagware irin wannan riga ɗaya tilo. Abin da ya fi damuna shi ne ba mu rasa gadon ba. Muna da tashe da wasan gauta da 'yan kama tun kafin zuwan boko. Malam Aminu Kano yana malamin makaranta ya riƙa rubuta wasanni yana sa ɗalibai su yi, don ya faɗa wa masu mulki abin da ba a iya faɗa musu kai tsaye. Abubakar Tunau da Shu'aibu Maƙarfi sun bar mana rubutattun wasanni da har yau ake karantawa a makarantu. Da fim ɗin bidiyo ya shigo Kano daga 1990, ƙungiyoyin daɓe suka koma gaban kyamara kusan gaba ɗayansu, ba a bar kowa a gida ba. Yanzu yaro yana karanta wasan kwaikwayo don jarrabawa, ya gama makaranta bai taɓa ganin an yi shi ba.

Da dare muna zaune a ƙofar gidan Kawu a Agege, ƙanina ya kwashe labarin duka ya ba abokansa, har yana tashi yana gwada musu yadda aka mayar da benci danfo. Kawu ya ce ai da can yaran Zango suna tashe gida gida da azumi, har Yarabawan unguwa suna ba su sadaka. Daga nan hira ta koma kan abin da za a iya sakawa a wasa in da za a yi: fataken goro da jirgin ƙasan da ke kai shi Arewa, dillalan shanu na Oko-Oba, masu albasa da tumatir na Mile 12 da ke kwana a kan kaya, yaron da aka haifa a Agege wanda in ya je Kano a ce masa Bayarabe, in ya dawo a ce masa aboki. Wannan na ƙarshen ƙanina ne ya kawo shi, kuma da ya faɗa sai sauran suka ce shi za a fara yi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kafin mu tashi aka raba aiki. Ni zan turo musu rubutattun wasanni biyu su ga yadda ake tsara fitowa da shiga, kuma duk abin da suka rubuta zan duba in mayar musu. Ƙanina zai kira saurayin nan ya roƙe shi ya zo ya nuna musu yadda ake gwaji. Wani daga cikinsu da ke koyarwa a wata Islamiyya zai nemi izinin harabar makarantar a wajen shugabanta, a sa rana bayan Babbar Sallah. Kawu ya ce kuɗin hayar kujeru a kansa, da sharaɗin a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, kuma a ware wa mata nasu gefen.